Lambun Albasa a Bayan Raga

Al'umma ba ta sanin yawan masanan da Allah Ya hore mata sai ranar da ƙungiyar ƙwallonta ta daina cin raga. Na daɗe ina juya wannan magana, na auna ta da ɗan abin da na karanta na tarihin garuruwan da suka tashi suka faɗi a bakin gulbin nan namu, ban same ta da aibu ba. Fari yana fito da haƙurin mutane, ambaliya tana fito da zumuncinsu. Amma in kana son ka ga malamai sun ɓullo ta kowace kusurwa kamar kwaɗi bayan ruwan farko, to a nemo samari goma sha ɗaya da suka yi wasa takwas a jere ba su jefa ƙwallo ko ɗaya ba.

Mu kam mun samu irin waɗannan samari, a wani rani da ban manta ba.

A lokacin ina koyar da adabi a wata ƙaramar kwalejin horar da malamai da ke bayan Argungu, kan hanyar Gulma, inda gini ya ƙare fadama ta fara. Gidana kuwa yana unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Don haka kullum da safe nakan shiga motar ma'aikata, wata tsohuwar bas mai cin mutum goma sha huɗu in ana zaman lafiya, mu yi tafiyar kusan sa'a guda zuwa aiki, da yamma mu maimaita. Wanda bai taɓa zama mota ɗaya da mutane ɗaya sau biyu a rana shekara da shekaru ba, ba zai gane yadda hira ke ƙarewa ba. Mun gama da siyasa, mun gama da maganar taki, mun gama da surukan kowa. Da ƙungiyar kwalejinmu ta shiga gasar kwalejoji ta kasa cin ƙwallo, sai muka karɓi abin hannu biyu, kamar an aiko mana da goron sallah.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗi ba, shi ne abokina malamin motsa jiki, wanda kowa ke kira Koci. Kujerarsa tana kusa da tawa a bas. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, yana da usur na ƙarfe rataye a wuya, kuma ban taɓa ganinsa ba shi ba. Da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa ta'aziyya, sai dai a nan yakan tura shi cikin riga don ladabi. Wasu suna da gona, wasu suna da digiri na biyu, shi usur ɗin nan yake da shi.

Bayan wasa na takwas, shugaban kwaleji ya tara mu. Ya ce takwarorinsa sun fara tambayarsa ko a kwalejinsa an haramta cin ƙwallo ne. Ya ce saura wasa ɗaya, a Birnin Kebbi, nan da mako uku. In aka tashi ba a ga ƙwallo a ragar abokan karawa ba, Koci zai cire usur ya miƙa wa malamin lissafi, shi kuma ya koma kula da rajistar ɗakin kwanan ɗalibai. Na dai ga hannun Koci ya tafi wuya ya dafe abin, kamar mai jego da aka ce za a duba jaririnta.

Daga ranar bas ta zama majalisar dokoki.

Direbanmu, wanda ba ya iya magana sai ya juyo ya kalli wanda yake yi wa, shi ya fara. A ganinsa tuwon shinkafa ne ya kashe 'yan gaba. Ya ce ba a taɓa jin inda mutum ya ci malmala uku da miyar kuka da azahar, ya kuma ci ƙwallo da la'asar ba, domin ciki ɗaya ba ya ɗaukar ci biyu. Da aka tuna masa cewa 'yan baya ma tuwon suke ci, kuma ba a wuce su da sauƙi, sai ya ce ai shi ya sa, tuwo na tsayuwa ne, ba na gudu ba. Bayan kwana biyu ya sauya mazhaba ya ce an ɗaure ragar ne, kuma ya san wanda ya ɗaure, amma ba zai faɗa ba sai mun wuce kwanar da ke gaba. Mun wuce kwanar nan sau talatin, bai faɗa ba.

Malamin lissafi, mutumin Filato ne da ya shekara ashirin a Birnin Kebbi har Hausarsa ta koma ta Kabawa, shi yana ganin matsalar ta tsari ce. Yakan zana ta a bayan kujerar da ke gabansa da yatsa: huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba. Washegari ya dawo da uku, biyar, biyu. Ran nan da ya yi zurfi sai ya kawo wani tsari da, da muka haɗa, ya ba da mutum goma sha biyu. Ya ce a kan takarda yana aiki.

Ni ma ban zauna haka ba. Ra'ayina shi ne 'yan gabanmu ba su da kirari. Na kafa hujja da cewa ba a taɓa yin ɗan dambe ko ɗan kokawa da ya kai banten wani ƙasa ba tare da an zuga shi ba, to don me za a saki ɗan ƙwallo cikin fili shiru kamar mai zuwa biyan gaisuwar mutuwa? Na zauna na tsara wa babban ɗan gabanmu kirari mai baiti shida. Shi wannan ɗan gaba kowa Lamba Tara yake ce masa, magidanci ne ɗan Gulma, dogo, mai sanyin hali, wanda ya bar garma ya zo neman takardar malanta. Na kira shi ofis na karanta masa. Ya saurara kansa a ƙasa, ya yi godiya, ya tambaya ko zai fito a jarrabawa.

Akwai kuma Hajiya mai kula da laburare, wadda ke zama gaba kusa da direba tana ɓare gyaɗa. Ita ba ta da mazhaba. Sau ɗaya kawai ta juyo ta ce, "Wai duk cikinku akwai wanda yat taɓa zuwa ya ga yaran ga suna atisaye?" Muka yaba tambayar don girmama ta, sannan muka koma kan tuwo.

Shugaba da ya ji gardamar ta yi yawa, sai ya yi abin da shugabanni ke yi, ya kafa kwamiti. Aka sa masa suna Kwamitin Binciken Musabbabin Rashin Cin Ƙwallo, aka naɗa ni shugaba saboda an san ina iya jan jimla ɗaya ta cika rabin shafi. Malamin lissafi ne sakatare. Muka yi zama uku a ɗakin malamai, muka amince da ajanda, muka amince da bayanin zaman da ya gabata, muka ɗage.

A zama na huɗu ne malamin lissafi ya rufe ƙofa, ya ciro wata takarda mai layi-layi daga jakarsa. Ashe duk wasan da aka yi yana zuwa, kuma duk bugun da 'yan gabanmu suka yi yakan ɗiga alama inda ƙwallon ya wuce. Ya zana raga a tsakiya. Cikin ragar fes, ba ko ɗigo. Damanta ma fes. Amma a hagu, kamu biyu daga ƙarfen raga, ɗige-ɗigen sun taru wuri ɗaya kamar kashin awaki a turke.

"Malam, duba nan," in ji shi. "Makaho ba ya kuskure wuri ɗaya sau arba'in. Yaran ga sun iya saiti. Abin da ban sani ba, mi suka saitawa."

Na tuna masa cewa in ya ɓoye takardar nan, usur nasa ne. Ya ce shi da ƙurar alli ma ke tayar masa da tari, ina shi ina busa ƙarfe a rana.

Ranar muka bar bas ta tafi ba mu. Bayan la'asar muka bi ta bayan ɗakunan karatu zuwa filin atisaye, wanda, in faɗi gaskiya, shekarata tara a kwalejin ban taɓa taka shi ba.

Filin rabi ne. Ɗaya rabin an haƙa harsashin wani babban ɗakin taro tun kafin in zo, aka bar shi ga tumfafiya. Saboda haka raga ɗaya ce, kuma ragar ma suna ne, ƙarfe uku ne tsirara, zaren ya daɗe da zama tarihi. A hagunta akwai bangon sito, wanda in ƙwallo ya bugi jikinsa sai ya dawo wa mai shi har ƙafa, kamar yaron kirki. A bayanta kuwa, taku huɗu ba ƙari, lambun albasa ne. Ban taɓa ganin albasa mai kyan wannan ba. Fangali bayan fangali, lawashi kore shar ya miƙe tsaye kamar an yi masa layin asuba, ruwa na bin ƙananan hanyoyi a hankali. A gefe, ƙarƙashin wata bishiyar gawo, wani tsoho na zaune kan buzu yana gyaran fartanya. Baba mai lambu ke nan. Kwalejin ce ta zo ta same shi a wurin.

Muka tsaya muna kallo. Ɗan wasa zai kwaso ƙwallo, ya yanke wannan, ya yanke wancan, ya zo gaban raga, ya ɗaga ƙafa, tim, sai bangon sito. Ƙwallo ya dawo, a ci gaba. Ba wanda ya kama kai, ba wanda ya yi tsaki. Golan ma jingine yake da ƙarfe yana sakace.

Koci da ya hango kwamiti sai ya zabura. Ya busa usur, ya daka wa Lamba Tara tsawa ya ce yau ko ana ha-maza ha-mata sai ya buga cikin raga, manya na kallo. Lamba Tara ya dube shi, ya dube mu, ya ja da baya. Ya saki wani bugu da har yau ban ga irinsa ba, ƙwallon ya shige ta kusurwar sama yana kuka, ya sauka tsakiyar fangali na uku. Lawashi ya kwanta.

Filin ya yi tsit, irin shirun da ake yi in an fasa tulu a gidan surukai.

Lamba Tara ya zauna a ƙasa ya cire takalmansa, ya gyara riga, ya nufi gawo. Na bi shi a matsayina na shugaban kwamiti. Kafin mu isa Baba ya riga ya ɗauko ƙwallon, ya share masa laka da gefen rigarsa, ya ɗora shi a cinya. Lamba Tara ya durƙusa. Baba ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi karatu, ya tambayi iyali. Sannan ya ƙura masa ido.

"Kai ɗan wa na, ɗana? Idona ya yi rauni."

Lamba Tara ya faɗi gidansu, murya ƙasa-ƙasa. Na lura Baba ya san amsar tun kafin ya tambaya.

"Af, jikan mai shanun huɗa na Gulma. Ni da kakanka munka yi gayya shekarar da ruwa yac ci fadama. Mutumin kirki. Ko akuyatai ba ta taɓa shiga gonar wani ba." Ya shafa ƙwallon. "Ba komi, ɗana. Albasa ta, ba ta jin ciwo. Wata ukku dai ni yi ina ba ta ruwa."

Da zagi ne da sauƙi. Da sanda ce da an warke kafin magariba. Baba bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ba da labarin yadda aka yi renon irin, yadda aka dasa shi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yadda tsutsa ta zo aka yi fama. Lamba Tara, wanda ya san duk wannan tun yana goye, yana ta cewa haka ne, Baba. Daga nan suka shiga fangalin tare suka tayar da abin da zai tasu. Baba ya yi masa addu'a mai tsawo, ya sa wa iyayensa albarka, ya tuge albasa biyu daga waɗanda suka karye ya ce a kai wa mai ɗaki. Sai da aka yi kusan minti arba'in kafin ƙwallo ya dawo fili. Lamba Tara ya dawo da albasa a hannu, idonsa ya yi ja, kuma ba a yanka albasar ba.

Na ja Koci gefe na tambaye shi ko ya san da wannan. Ya ce ya sani mana, ai shi ma a kwalejin ya yi karatu. "Sau biyu ni zauna gaban Baba," in ji shi. "Shekara goma sha biyar ke nan. Har yau in ni ga albasa cikin miya sai in ji kunya." Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne ƙafa za ta bi mutum da wannan kunya har filin wasu. Yana zaton ranar gasa kowa zai tuna inda raga take.

Ga shi nan dai. 'Ya'yan manoma ne tun daga gola har ɗan gaba, ba wanda za a haifa a fadamar nan ya iya sakin ƙwallo cikin albasar dattijo da gangan. Shekara biyu, uku, kullum suna koyon bugun bangon sito, kuma sun ƙware.

Saura kwana goma. Kwamiti ya fara da lalama. Muka je da goro muka roƙi Baba ko zai cire albasar da wuri. Ya ce saura mata wata guda ta ƙosa, in kuma kwaleji na gaggawa, tana iya matsar da kanta. Muka sha ruwan randarsa muka yi godiya.

Sai direba ya kawo shawara mai ma'ana, karo na farko tun da na san shi. Yana da suruki masunci a Argungu, ya aro mana tsohon taru. Muka ɗaure shi a ƙarfen raga, ninki biyu, har ƙasa. Ƙarninsa ya tara mana kyanwoyin unguwa kaf, amma ko harsashi ba zai wuce ba. Koci ya jera 'yan gaba ya nuna musu, ya jefa ƙwallo da hannu suka ga ya tsaya. Ya busa usur. Tim, bangon sito. Na biyu, bangon sito. Lamba Tara ya gwada sau bakwai, gumi na zuba, sau bakwai bango na mayar masa.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce da ni. "Idona raga shika gani. Ƙahwata albasa taka gani."

Washegari da yamma bas ta yi zafi fiye da kullum. Direba ya ce a ɗaure wa kowa ido. Malamin lissafi ya ce a koya musu su riƙa saitin kamu biyu dama da raga, kuskuren zai gyara kuskure, daga baya aka gwada, ƙafa ta gane wayon. Ni na ba da shawarar a yi musu lacca kan bambancin zahiri da abin da zuciya ke rayawa. Koci yana jingine da taga, usur a cikin tafin hannu. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Da safen ma na gan shi tsaye a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai yana leƙen teburin rajista, kamar mai duba kabarinsa.

Hajiya ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ba ta ko juyo ba, ta ce, "To ku masu ilimi, in kunyar Baba ka kai ƙwallo hagu, ku ɗauki Baban ku aje shi hagu mana, ku huta."

Gatse ta yi. Amma direba ya taka birki ya gangara gefen titi ya kashe mota, muka dubi juna. Malamin lissafi ya ciro takardarsa yana gyaɗa kai. Kafin mu isa Argungu kwamiti ya amince da shawarar ba hamayya, na kuma rubuta ta da sunan sauya matsugunin abin jin nauyi. Hajiya ta ce kada a kuskura a sa sunanta.

Shawo kan Baba ya ɗauki yini biyu. Ya ce rabonsa da Birnin Kebbi tun ana shiga da jaki. Ya yarda bisa sharaɗin ɗalibai biyu za su tsaya ban ruwa, kuma ba za a sa shi ya yi tafi ba. Malamin lissafi ya dage sai an tafi da albasa, mai lawashi, a faifai, domin a cewarsa Baba ba albasa rabin magani ne. Matsala ɗaya ita ce ba mu iya gwada dabarar a gida ba, tunda a gida albasar gaske na bayan raga. Haka muka tafi da ita ɗanya.

Ranar wasa Baba ya sha farar riga da rawani, aka ba shi kujerar Hajiya a gaba. Filin masu masaukinmu cikakke ne, raga biyu, kowace da zarenta, 'yan kallo sun kewaye. Muka shimfiɗa wa Baba buzu a bayan layi, kamu biyu hagu da ƙarfen ragarsu, daidai inda ɗige-ɗigen suka taru, muka ajiye faifan albasa a gabansa. Alƙalin wasa ya zo ya tambayi ko wane ne. Na ce mai ba ƙungiya shawara ne na musamman. Ya dubi rawanin, ya rusuna ya gaishe shi, ya koma tsakiya.

Koci ya tura kowa gaba, har 'yan bayan da ba su taɓa tsallaka layin tsakiya ba. Abin da ke faruwa a tamu ragar ba ya cikin hurumin kwamiti, don haka ban waiwaya ba, ko da yake nakan ji 'yan kallo sun yi sowa lokaci-lokaci.

Dama ta farko ta zo wa Lamba Tara. Ya ɗaga ƙafa, ya hango Baba, na ga jikinsa ya yi wata irin karkata, ƙwallon ya tafi dama, can nesa, ya sami mai sayar da ruwan leda. Na biyu ya bi sama. Wani ɗan gaban ya buga nasa ya koma baya. Malamin lissafi yana ta ɗiga alama, ya ce an samu ci gaba, yanzu ɗige-ɗigen sun kewaye ragar ta ko'ina, saura tsakiya.

Da aka tafi hutu aka sauya gida, sai da muka kwashi Baba da buzu da faifai muka ratsa fili zuwa ɗaya ragar, ni da buta, malamin lissafi da albasa, 'yan kallo na yi mana rakiya da ido. Baba ya yi la'asar ɗinsa a natse, ya zauna.

Lokaci na ta tafiya. Koci ya daina ihu. Ya cire usur daga wuya, karo na farko a sanina, ya riƙe shi a hannu yana goge shi da gefen riga, kamar mai shirin mayar da kayan aro.

Saura kaɗan a tashi, ƙwallo ya faɗo wa Lamba Tara. Ya yanke na farko, ya yanke na biyu, gola ya fito ya zube, ya kewaye shi ta hagu. Raga ta buɗe ba kowa, ko tsohuwa za ta tura shi da sanda. Sai dai kewayen ya kawo shi dab da buzu. Baba ya ɗaga kai, ya gane shi, fuskarsa ta washe.

"Sannu da aiki, ɗana. Mai ɗaki ta samu albasa?"

Ba a haifi ɗan Gulman da dattijo zai gaishe shi ya wuce da gudu ba. Lamba Tara ya ja birki, ya durƙusa, ya ce ta samu, Baba, tana godiya. Ƙwallon ya ci gaba da gangarawa shi kaɗai, a hankali, ya nufi wajen fili ta hagun ƙarfe, hanyar da ya saba.

Wani ɗan bayansu, ƙato, ya taho a guje don ya raka shi waje da ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa. A nan ne ya ga abin da ke gabansa: tsoho mai rawani, zaune, da faifan albasa, daidai inda bugun zai sauka. Yaron birni ne, bai taɓa dasa albasa ba, amma shi ma wani ya haife shi. Na ga ƙafar ta murɗe a iska. Ƙwallon ya kauce wa Baba, ya kauce wa faifai, ya shige ragarsu ya kwanta.

Koci ya manta ba shi ne alƙali ba, ya kai usur baki ya busa har sai da na gaske ya zo ya ja masa kunne. Direba ya rungumi malamin lissafi. Baba ya tambaye ni ko an gama, don yana son ya isa gida kafin ɗaliban nan su cika wa albasarsa ruwa.

A hanyar komawa gardama ta tashi sabuwa, kan wanda ya cancanci yabo. Direba ya ce taru ne ya kwance ɗaurin. Malamin lissafi ya ce takardarsa ta yi daidai, ɗan wasan ne kawai ba namu ba. Ni na lura a raina cewa a cikin kirarin nan akwai baitin da ya yi nuni da haka, in an karanta shi da kyau. Koci ya mayar da usur wuyansa, ya yi barci tun kafin mu fita gari, bakinsa a buɗe.

Shugaba bai je wasan ba, yana da taro. Da safe ya kira ni ya yi tambaya ɗaya, ko an ga ƙwallo a ragarsu. Na ce an gani, ranka ya daɗe, da idona. Ya ce to Koci ya riƙe abinsa. Na miƙa masa rahoton kwamiti, shafi goma sha biyu, wanda a ciki na bayyana cewa abin da ya faru a filin nan nasara ce ta tarbiyya a kan gaggawa, kuma hujja ce cewa al'ummar da ke girmama dattawanta ba za ta taɓe ba. Har yau ina ganin ban taɓa rubuta abin da ya fi shi ba.

An ci mu bakwai da ɗaya.